Gida kyauta a Skyrim: inda za ka sauke kayanka tun wasa bai yi nisa ba

Tambayar wannan makon daga wani ɗalibin aji shida a Bunkure ta zo. Ya ce ya fara buga Skyrim a kwamfutar yayansa, kaya sun yi wa ɗan wasansa yawa har ba ya iya gudu, kuɗin sayen gida kuma babu. Ina mafita?

Ga wanda bai san shi ba, Skyrim wasa ne na duniyar tatsuniya da kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011. A Turai an ware shi ga masu shekara 18, a Amurka 17, saboda faɗa da jini. Don haka 'yan ƙananan aji ku dakata tukuna, manya kuma a yi da sanin iyaye.

Matsalar ɗalibin nan ta nauyi ce. Ɗan wasa yana farawa da ikon ɗaukar kaya na maki 300, alhali ƙashin dodo mai fukafukai guda ɗaya maki 15 ne. Da ka wuce iyaka sai tafiyar hawainiya. Idan kuma ka zuba kayanka a wata ganga ta bakin hanya, bayan kwanaki a cikin wasan sai a sabunta wurin, kayan su tafi. Gida a nan rumbu ne, kamar yadda manomin Kura ba ya barin buhunan shinkafarsa a bakin kwalta ya ce gobe zai dawo ya same su.

Gidan da kowa ya sani shi ne Breezehome a birnin Whiterun, zinari 5,000, kuma kusan fanko za a ba ka shi, kayan ɗaki kuɗinsu daban. Sabon ɗan wasa kan daɗe bai tara wannan ba.

Shawarata ita ce makarantar Winterhold. Tun a kurkukun Helgen, farkon wasa, akwai wani keji da gawa a ciki; buɗe ka ɗauki riga da hular da ke jikinta, domin hular tana ƙara ƙarfin tsafin ɗan wasa da maki 30. Idan ka isa Whiterun, je wurin mai keken doki a wajen ganuwa, ka biya zinari 50 ya kai ka Winterhold. A bakin gada za ka tarar da wata malama, Faralda, wadda za ta sa ka gwada wata dabara ɗaya. In ba ka iya ta ba, za ta sayar maka a zinari 30. Ka ci jarrabawa, sai Mirabelle Ervine ta zaga da kai makarantar, ta nuna maka ɗakinka a masaukin ɗalibai, da gado da wurin ajiya da ba a kwashewa. Zinari 80 ke nan gaba ɗaya maimakon 5,000. Aibinsa nisa da dusar ƙanƙara, amma da ka je sau ɗaya, taswira za ta riƙa kai ka nan take.

Akwai wanda ya fi burge ni, na kuma san zai burge yaran Kadawa: gonar Goldenhills, gabas da ƙauyen Rorikstead. Kufai ce da fatalwa ke gadi. Za ka karanta littattafan da masu gidan suka bari, ka bi sawun abin da ya sami ɗansu, daga nan gida da gona su zama naka ba ko sisi. Ana shuka alkama, kabeji da dankali, a sayi dabbobi, a ɗauki ma'aikata. Abin dariyar shi ne amfanin gona yana nuna cikin 'yan kwanaki ba ban-ruwa. Ba jiran a sako ruwan Tiga a kanal, ba kuɗin taki, ba tsutsar sharon da ta cinye tumatirin yankinmu a 2016. Da wanda ya tsara wannan gona ya taɓa yin kwana ɗaya yana dashen shinkafa a laka, da ya ɗan tsananta mata.

Sai dai kyautar nan da ƙura a bayanta. Goldenhills ba ta cikin tsohon Skyrim. Tana cikin ƙarin da aka fitar a Nuwamban 2021 don cikar wasan shekara 10, kuma wannan ƙarin sayensa ake yi, kusan dala 20. Idan ka je gabashin Rorikstead ba ka ga gona ba, kada ka ɓata dare kana nema, naka ba shi da ita. Kuma Skyrim bai fito don wayar Android ba. Duk shafin da ya ce ka sauke shi kyauta a waya, ko ka sa lambarka a ba ka gida da zinari, datarka zai cinye, wani lokacin ma ya dasa maka manhajar da ke satar bayanan wayar. Idan wayar Baba ce mai asusun banki a ciki, ka san girman maganar.

Masu bugawa a gidan gem kuma, gidanku yana zaune ne a cikin ajiyar wasan. Wani zai iya zuwa bayanka ya ajiye nasa a kan naka, gida da kaya su tafi tare. A PS4 ana iya kwafe ajiya zuwa filashi, don haka ka nemi izinin mai shago ka kwafi taka kafin ka tashi, ka kuma lura da asusun da ka buga da shi, domin da shi kaɗai za ta sake buɗewa.