Agogon Jiki da Buƙatar Keɓaɓɓun Kalmomi a Hausa

A shekarar 1971, Ronald Konopka da malaminsa Seymour Benzer, a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya da ke Amurka, sun gano wasu ƙudajen 'ya'yan itace da yininsu ya saɓa wa na 'yan uwansu. Wasu na kammala zagayen hutu da kai-komo cikin sa'a 19, wasu cikin sa'a 28, wasu kuwa ba su da tsari ko kaɗan. Tushen bambancin ƙwayar gado ce guda, wadda aka raɗa wa suna period. A 1984 ne Jeffrey Hall da Michael Rosbash na Jami'ar Brandeis, da Michael Young na Jami'ar Rockefeller, suka ware wannan ƙwaya, aikin da ya kai su ga samun kyautar Nobel a 2017.

Abin da binciken ya nuna shi ne, ƙwayar gadon tana ba da umarnin ƙera furotin mai suna PER. Cikin dare furotin ɗin yana taruwa, ya haɗu da wani mai suna TIM, su shiga cibiyar tantanin halitta su dakatar da aikin ƙwayar da ta samar da su. Idan gari ya waye, haske kan sa TIM ya wargaje, PER ya bi bayansa, takunkumi ya tashi, a sake sabon zagaye. Wani furotin kuma, DBT, yana jinkirta taruwar PER har zagayen ya kusanci sa'a 24. A jikin ɗan Adam, CLOCK da BMAL1 ne ke kunna ƙwayoyin gadon, PER da CRY kuma su kashe su.

Lamarin ya shafi lafiya kai tsaye. A 2001 an danganta sauyi a ƙwayar PER2 da halin wani iyali a jihar Utah, masu yin barci tun farkon dare su farka tun kafin gari ya waye. A 2019 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Ma'aikaciyar jinya da mai gadi da direban babbar mota duk suna da haƙƙin jin wannan bayani da harshensu.

A nan ne gizo ke saƙar. A rubuce-rubucen Hausa, "ƙwayar halitta" kan zo da ma'anar tantani, ta kuma zo da ma'anar ƙwayar gado. To, yaya za a bayyana furotin da ke shiga cikin na farkon domin ya dakatar da na biyun, alhali sunansu ɗaya? Masu ganin a bar kimiyya da Ingilishi suna kafa hujja da irin wannan ruɗani, amma ruɗanin ya taso ne daga rashin matsaya tsakanin masu fassara, domin kalmomin suna nan cikin harshen.

Saboda haka, ya kamata sassan Hausa na jami'o'i, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, su zauna da malaman kimiyyar halittu su tsayar da kalma ɗaya ga kowace ma'ana, su gwada ta cikin cikakken bayani irin na agogon jiki. Kalmar da ɗalibi ya fahimta ba tare da komawa ga Ingilishi ba, ita ce ta cancanci shiga ƙamus.