Daga kan tabarmar asusu: gasasshen cuku da yajin gida

Gaisuwa ga ƙungiyoyinmu na Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Allah shi ƙara ma asusu albarka.

Yau zancen cuku da yaji za mu yi. Yanzu damina ta zauna, dabbobi sun ƙoshi, nono ya yawaita, matan Fulani da na Buzaye suna ta shanya cuku bisa tabarmi, yana sauko muna daga wajen Dakoro. Lokacin ga ne ya fi sauƙin kuɗɗi. Mata da yawa sun tambaye ni ko ana iya ɗaukar bashin asusu a yi sana'a da shi. Ana iyawa, amma ku ji abin da ya same ni tukuna.

Bara na ɗauki jikka 5 cikin akwati, na sayi cuku mai kyau. Da na zo wajen yaji sai rowa ta kama ni, na sayi niƙaƙƙe mai araha cikin leda, ban ko sansana ba. Ashe ya sha raɓa, ƙuli-ƙulin da ke ciki ya yi hunhuna. Ranar farko mutane sunka saya. Rana ta biyu wani dattijo ya ce mani: "Hajiya, cukunki na ɗaci." Rana ta uku ko yaro bai tsaya ba. Ranar biya ta zo, sai da na saida ɗan akuyana na cika kuɗɗin mutane, ni da ke riƙe da littafin ƙungiya. Araha ba ta ado.

Daga nan na gane: cuku duk ɗaya ne a kasuwa, yaji ne ke sa mai saye ya komo wurinki. Don haka ki daka naki. Ga awon da nike yi da ƙaramin gwangwanin tumatir: ƙuli-ƙuli gwangwani 4, busasshen barkono 2, citta 1. Masoro, kanumfari da busasshiyar tafarnuwa, cokali ɗai-ɗai. Kimba sili 3, ki fidda ƴaƴan ciki don su ne masu ɗaci. Gishiri daidai bakinki. In kina son ya yi ja ba tare da ƙarin zafi ba, ki sa busasshen tattasan Diffa. Kada ki yarda da kalar da ba ki san asalinta ba.

Ki tsince barkonon, ki cire hanci, ki shanya kayan duka bisa tire har su yi ƙaras, ba a ƙasa ba inda kaji ke bi. Turmi ya zama busasshe. Ki fara da citta da kimba tunda su ne masu tauri, ƙuli-ƙuli a ƙarshe. Ki tankaɗe, ki zuba cikin kwalba mai marfi. Da damina kada ki daka fiye da na sati guda.

Zancen hunhuna kuwa ya wuce ɗaci. Gyaɗar da ta yi hunhuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. In kin ga ƙuli-ƙuli ya canza kama ko yana warin ruma, ki zubar, kada ki ba ko yara.

Wajen gashi, garwashi ake so, ba harshen wuta ba. Ki aza waya bisa murhu, ki shafa ma cukun man gyaɗa kaɗan, ki aza. Cuku ba shi da kauri, yanzu-yanzu ya ƙone, sai ki tsaya kansa ki juya da ya fara ja da laushi. Yaji sai an sauke ake barbaɗawa. In kin sa shi kan wuta, barkono ya ƙone, ga ɗaci ga tari. Ki yanka ƙanana yadda mai dala 10 da mai dala 20 duk za su samu. Wurin masu shayi da maraice da ranar kasuwa, nan ne cinikin yake. In rani ya yi cuku ya yi tsada, yajin nan shi ne na awara, sana'a ba ta tsaya ba.

Kafin ki miƙa hannu ga akwati, ki zauna da alƙalami ko ki kira ɗiyarki ƴar lakkol. Ki rubuta kuɗɗin cuku, na kayan yaji, mai, gawayi, motar kasuwa da ribar da za ki maida ma asusu. Ki ƙirga yanka nawa cuku guda zai ba ki. In lissahi bai fita ba a takarda, ba zai fita ba a tire. Tun 1991 da anka fara Mata Masu Dubara nan jihar Maraɗi, abin da ya riƙe tafiyar shi ne a ɗauka a maido kan lokaci.

Kuma ki rage ma yaran gida yanki guda, nono ne, yana gina jiki. Na ƙanana ki daka musu cikin fura, ban da barkono.

Wadda ke da awon yaji da ya fi nawa, ta kawo ranar zubi mu ɗanɗana. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.