Kasafin Kuɗi da Rabon Mata

Ya 'yan'uwana ɗalibai, a da in na ji ana karanta kasafin kuɗi a rediyo sai in ɗauka zancen manya ne, ba ruwana. Hutun da ya wuce ne na gane kuskurena.

Famfon ƙauyenmu ya lalace, wata shida ba a gyara ba, wai babu kuɗi. Mata da 'yan mata ne suka koma rafi da tulu. Ƙanwata takan yi sawu uku kafin ta tafi makaranta, ta tarar an gama darasin lissafi, alhali ƙanena tun da sassafe yana aji. A hutun nan kuma naƙuda ta kama matar yayana cikin dare. Aka kai ta ɗakin shan magani, babu ungozoma, babu ko fitila. Kafin a samo mota zuwa babban asibiti jaririn ya rasu, ita ma da ƙyar ta sha.

Kasafin kuɗi kamar cefanen gida ne, abin da maigida bai sa a lissafi ba, ba ya shiga tukunya. A shekarar 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ba harkar lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Har yau gwamnatin tarayya ba ta cika wannan alkawari ba. A 2004 kuma aka yi dokar ilmi kyauta, kuma dole, na shekara 9. Amma makarantar da ba ta da makewayi, ba ta da malama mace, iyaye da yawa ba sa barin 'yarsu a cikinta in ta fara girma.

Wasu za su ce titi da gada ai na kowa ne. Gaskiya ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Majalisar Dattawan da aka rantsar a 2023 tana da kujera 109, mata a cikinta ba su kai biyar ba. Wa zai tuna da ungozoma ranar rabon kuɗi?

Shawarata ita ce a riƙa jin ta bakin mata tun daga ƙaramar hukuma kafin a tsara kasafi, kuma a fara da ruwa, asibiti da makaranta. Mu kuma 'yan mata mu dage da karatu, don wata rana a yi rabon nan da mu. Allah Ya sa shugabanninmu su ji, amin.