Idan Bango Ya Tsage: Hanji da Makomar Mai Ciwon Hanta

Idan aka ce wane yana fama da ciwon hanta, abin da ke fara zuwa zukatan mutane shi ne shawara a ido, da rama, da cikin da ya kumbura ya cika da ruwa. Da wuya a sa hanji cikin lissafi. Alhali kuwa kaso mai yawa na masu taurarewar hanta, wadda likitoci ke kira sirosis, abin da ke ƙarasa su shi ne ƙwayoyin bakteriya na cikin hanjinsu, waɗanda suka tsallake iyakarsu suka shiga ruwan ciki da jini. Ra'ayina shi ne, muddin ba mu ɗauki hanji a matsayin wani sashe na jinyar hanta ba, za mu ci gaba da rasa mutanen da allura ɗaya da gwaji mai sauƙi za su iya ceta.

Allah ya tsara jiki ta yadda jinin da ya baro hanji sai ya bi ta hanta kafin ya koma zuciya. Wata babbar jijiya, jijiyar ƙofar hanta, ita ke kwaso shi, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da ke shiga hanta ta nan yake biyowa. A cikin hantar akwai wasu ƙwayoyin garkuwa masu ɗauke da sunan Kupffer, Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876, waɗanda aikinsu shi ne cafke duk wata ƙwayar cuta da ta sulalo daga hanji. A jikin mai lafiya, hanji gida ne na ɗimbin bakteriya masu amfani, bangonsa a toshe yake, ruwan matsarmama yana taƙaita yawansu, hanta kuma tana tsaron ƙofa.

Taurarewar hanta tana rusa wannan tsari ta fuska uku. Na farko, motsin hanji yana raguwa, ruwan matsarmama ma yana ƙaranci, sai bakteriya su yi yawa a ƙaramin hanji, inda a da ba su da yawa. Na biyu, jini yana cunkushewa a jijiyar ƙofa saboda hantar ta yi tauri, bangon hanji ya kumbura, mahaɗin ƙwayoyinsa ya saki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku, garkuwar jiki ta yi rauni, kuma jinin da ya rasa hanya ta cikin hanta yana buɗe wasu ƙananan hanyoyi ya kewaye ta, ya tafi da duk abin da ya ɗauko ba tare da an tace shi ba. Masana biyu a Amurka, Berg da Garlington, sun nuna a 1979, ta hanyar gwaji a kan ɓeraye, cewa bakteriyar hanji kan ratsa bango da ransu su isa kaluluwar da ke kewaye da hanji, daga nan su wuce wasu sassan jiki.

Sakamakon da ya fi haɗari shi ne harbuwar ruwan ciki. Likitan Amurka Harold Conn ya yi bayaninta a 1964: ruwan da ya taru a ciki yana kamuwa da ƙwayoyin cuta ba tare da hanji ya huje ba, kuma mafi yawan lokaci ƙwayoyin da ake samu 'yan gida ne, irin su Escherichia coli da Klebsiella. Abin tsoro shi ne cutar kan zo a ɓoye. Wani majinyaci ba ya zazzaɓi, ba ya ciwon ciki. Sai dai a ga fitsarinsa ya ragu, ko ya fara barci da rana yana farke da dare, ko maganarsa ta rikice. Wannan rikicewa kuwa daga hanji take tasowa, domin bakteriya suna samar da sinadarin amoniya, hanta ta kasa kawar da shi, ya isa ƙwaƙwalwa. A gidaje da yawa akan ɗauka iska ce ko sammu, a yi kwanaki ana turare da tofi, ƙoda kuma tana mutuwa a hankali. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma ruɗewar mai ciwon hanta alama ce ta gaggawa.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutane miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B mai daɗewa, kuma kusan miliyan 65 daga cikinsu suna yankin Afirka. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya gano cutar a jikin kimanin kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64. Wani kaso na waɗannan mutane zai kai ga taurarewar hanta, galibi a shekarun ƙarfi, lokacin da iyali ke dogara da su.

Abu na farko da nake kira a kai shi ne gwaji. Duk mai taurarewar hanta da aka kwantar a asibiti da ruwa a ciki, ya kamata a zuƙi kaɗan daga ruwan da sirinji tun ranar farko, a kai ɗakin gwaji a ƙirga fararen ƙwayoyin jini na nau'in nutrofil. Idan sun kai 250 a kowace milimita kubik, an tabbatar da cutar, sai a fara magani nan take. Wannan aiki bai buƙaci wata na'ura mai tsada ba. Madubin gwaji da ƙwararren ma'aikaci sun wadatar. Tsiyaye ruwan ciki a zubar don majinyaci ya samu sauƙin numfashi, ba tare da an duba ko ɗigo ɗaya ba, asarar dama ce babba. Magani ma sananne ne. Wani nazari da aka yi a Sifen, aka buga a 1999, ya nuna cewa haɗa maganin cefotaxime da ƙarin sinadarin albumin ta jijiya ya rage lalacewar ƙoda daga kashi 33 zuwa 10 cikin 100, ya kuma rage mace-mace a asibiti daga kashi 29 zuwa 10.

Abu na biyu shi ne magungunan da muke sha da ka. Omeprazole ya zama abokin kowa, duk wanda ya ji zafi a ƙirji sai ya ce olsa ce, ya nufi kemis. Amma ruwan tsami na tumbi yana daga cikin masu gadin hanji, domin yana kashe ƙwayoyin cuta kafin su gangara. Idan aka danne shi wata da watanni ba bisa dalili ba, bakteriya sukan yawaita, kuma nazarce-nazarce da dama sun danganta hakan da harbuwar ruwan ciki ga masu taurarewar hanta. Haka nan diclofenac da ibuprofen suna cutar da ƙodar irin wannan majinyaci. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai kuwa yana haifar da bakteriya masu taurin kai a cikin hanjin, ta yadda ranar da suka tsallaka, maganin asibiti ba zai ci su ba.

Na uku shi ne abinci da bayan gida. Al'adar hana mai ciwon hanta nama da ƙwai da wake, da sunan kariya, tana ƙara masa rama, alhali tsoka tana taimakawa wajen kawar da amoniya. Shawarar masana a yau ita ce ya samu furotin giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyinsa a kullum, ya ɗan ci wani abu kafin barci, ya rage gishiri. Maganin lactulose, wanda ake daidaita shi har majinyaci ya yi bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a rana, yana fitar da amoniya ta hanji, kuma yana da sauƙin samu.

Mai karatu zai iya cewa: an yi gargaɗi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, to me ya sa likitoci ke ɗora wasu majinyata a kansa na tsawon lokaci? Tambaya ce mai nauyi. Wanda ya taɓa kamuwa da harbuwar ruwan ciki, da wuya ba ta dawo ba. Wani nazari na Basalona a 1990 ya nuna cewa shan norfloxacin kullum ya rage yiwuwar dawowarta cikin shekara guda daga kashi 68 zuwa 20 cikin 100. Ga irin wannan majinyaci, da kuma wanda ya yi aman jini daga jijiyoyin maƙoshi, amfanin ya rinjayi illa. Ga sauran jama'a kuwa illar ce ta rinjaya. Don haka hukunci na likita ne, a kan mutum ɗaya ɗaya. Akwai kuma batun tsadar albumin, wadda gaskiya ce mai ɗaci. Sai dai tsadar ba hujja ba ce ta barin gwajin, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka fara da wuri shi kaɗai ma yana ceton rai.

Tushen gyara yana can baya, kafin hanta ta taurare. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana cikin jerin rigakafin yara a Nijeriya tun 2004, kuma ta farko ana so a yi wa jariri ita cikin awa 24 da haihuwa. Wanda ke ɗauke da cutar kuma akwai magani irin tenofovir da ke danne ta. Amma ga dubban da suka riga suka kai matakin kumburin ciki, ya wajaba asibitocinmu na koyarwa su mayar da gwajin ruwan ciki doka a ɗakunan jinya, masu fassara da marubuta a sassan Hausa na jami'o'i kuma su samar da kalmomin da za a bayyana wa mai jinya wannan al'amari da harshensa, domin shi ne zai fara lura cewa barcin majinyaci ya canza ko fitsarinsa ya ragu, kuma shi ne zai yanke shawarar a tafi asibiti yau ko a bari sai gobe.