Ƙishirwar Mai ke Sa Fentin Linsid Koɗewa

Duk wanda ya shafa hannu a jikin ƙofar katako mai fentin man linsid, bayan ta sha ranar bazara irin ta Kazaure, Roni ko Gwiwa, zai ga gari ya maƙale masa a tafi. Da zarar an ga haka, akan kira mai fenti ya kankare ya shafa sabo. Wannan ɓarnar kuɗi ce, musamman ga makarantun da ko allin rubutu sai sun yi dabara.

Ana tatso man linsid ne daga ƙwayar filas, shukar da ake saƙa yadin lilin da zarenta. Bushewarsa ta sha bamban da ta ruwa. Ruwa tururi yake zama ya tashi. Shi kuwa wannan mai iskar oksijin yake zuƙa, ƙwayoyinsa su sarƙe da juna har su zama fata mai tauri, nauyinsa ma ya ɗan ƙaru. Wannan fatar ce ke riƙe garin launi. Hasken rana yana cin ta sannu a hankali daga sama, sai garin ya rasa mariƙi, alhali fentin da ke ƙasa yana nan da ƙarfinsa.

Saboda haka ya isa a wanke ƙofar da ruwa da ɗan sabulu marar kaifi, a bar ta ta bushe, a shafa mai kaɗan da tsumma, sannan a goge rarar. Launi zai dawo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan ɗaukewar damina, kafin ƙurar hunturu ta sauka, domin man yakan kwana bai bushe ba. A guji toka da soda: su ne ke mayar da mai sabulu, kuma haka za su yi wa fentin. Kankarewa ma tana da nata haɗari, don tsofaffin fenti da yawa suna ɗauke da dalma, wadda ƙurarta guba ce ga yara.

Sai batun tsumma. Zuƙar oksijin tana haifar da zafi, kuma tsumman da aka dunƙule yana iya kamawa da wuta da kansa. Haka gobarar benen One Meridian Plaza ta tashi a Filadelfiya ta Amurka a 1991, ta kashe 'yan kwana-kwana 3. Wajibi ne malami ya tabbatar an tsoma tsumman a bokitin ruwa kafin a rufe ɗakin ajiya.