Keken Tseren Duwatsu: Wanne Ya Dace da Sabon Shiga a Rayfield?

A wannan mako filin namu zai bar ƙwallon ƙafa ta huta, mu leƙa wani wasa da ya fara jan hankalin samari a Jos, watau tseren keke a kan hanyoyin daji, inda babu kwalta, sai tudu da gangare da tsakuwa. Tambayar da mai sha'awar shiga yakan fara yi ita ce, wane irin keke zai saya? Tambaya ce mai nauyi, domin a halin da ake ciki kuɗin keke ɗaya na iya zama tarin wata da watanni, wanda kuwa ya yi kuskuren saye sau ɗaya da wuya ya sami halin sakewa.

Wasan dai ba tsoho ba ne. A cikin shekarun 1970 ne wasu samari a gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya, a Amurka, suka fara gangarowa daga kan dutsen Tamalpais bisa tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda yana cikin kekunan dutse na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. An yi gasar duniya ta farko a Durango a 1990, sa'an nan wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996, inda Bart Brentjens na ƙasar Holan da Paola Pezzo ta Italiya suka ci zinariya. Afirka ma ba a bar ta a baya ba, gama Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya ci tagulla a Olamfik ta Faris a 2024, ya kuma zama zakaran duniya a cikin wannan shekara. Yadda ake yi shi ne, a shata zagaye wanda bai wuce kilomita 6 ba, a yi ta kewaya shi har kimanin sa'a ɗaya da rabi. Hawa ya fi sauka cin lokaci, saboda haka nauyin keke abin lura ne ƙwarai.

Duk wanda ya san Rayfield ya san ƙasar kamar domin wannan wasa aka yi ta. Tana bisa tsaunin da ya ɗara mita 1,200 daga teku, ga sanyin safiya, ga manyan duwatsu, ga kuma abin da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa: tudun ƙasar da aka tono, da kwazazzabai, da manyan kududdufai. A wajen nan ne filin wasan golf da aka kafa tun 1913 yake. Da rani hanya tsakuwa ce mai santsi da ƙura, da damina kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba, jar ƙasa takan zama taɓo mai kama taya. Wannan ƙasa ita ya kamata ta zaɓa wa mutum keke, ba hoton da ya gani a waya ba.

To, a nan ne akasarin sababbin shiga sukan faɗa rami. Akwai wani irin keke da ya cika shaguna, mai fenti wal-wal, da shokazoba gaba da baya, da rubutun giya 21 a jikinsa, kuma da araha. Kyan ɗan maciji ke nan. Irin wannan keke yakan kai kilo 17 ko fiye, shokazobar bayansa kuwa waya ce kawai a naɗe, wadda duk lokacin da ka taka feda a kan tudu sai ta lotsa ta shanye ƙarfinka. Gaskiya ne manyan 'yan tsere na duniya yawanci masu shokazoba biyu suke hawa, amma nasu kuɗin mota ne, kuma suna da makanikai masu bin su. A ganina, mai farawa ya nemi keke mai shokazoba a gaba kaɗai, wadda take lotsawa milimita 100 zuwa 120, da gangar jiki ta alminiyam. Irinsa yakan tsaya a kilo 12 zuwa 14, abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne, kuma yana tilasta wa mahayi ya koyi zaɓen inda zai sa taya, wanda shi ne ainihin ilmin wasan.

Tun da yake yawancin kekuna masu nagarta da ake samu a kasuwannin Jos da Bukuru 'yan gwanjo ne, lalle ne mai saye ya je da kansa, ya duba da rana tsaka. A bi duk inda aka yi walda, musamman ƙarƙashin kan keke da wajen feda, a ga ko akwai tsaga, ko da siririya kamar gashi. A ɗaga ƙafa a juya ta, a ga ko tana lilo. A danna shokazoba, in ta ƙi dawowa ko tana tsiyayar mai, a rage kuɗi ko a haƙura. Haƙoran giya kuma in sun yi tsini, sun ci zamaninsu, da su da sarƙa duka. Keken kabon na gwanjo kuwa, duk da rashin nauyinsa, ban ba mai farawa shawarar sa ba, domin yakan ɓoye rauni a ciki, mai walda kuma ba shi da abin da zai yi masa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne girman keke. Iyayenmu da suka hau Raleigh da Phoenix sun saba yaro ya zura ƙafa ta tsakiya ya tuƙa keken babansa, amma a kan gangaren dutse wannan hanyar asibiti ce. Mutum ya tsaya da keke tsakanin ƙafafunsa, ya ga akwai tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninsa da ƙarfen sama. In ya hau sirdi, feda tana ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa amma ba ta miƙe sarai ba. Keke mai tsada wanda ya yi maka girma bai kai matsakaici wanda ya yi daidai da kai ba, kuma kada mai shago ya ce za ka saba da shi.

Sai maganar ƙafa. 'Yan tsere a yau mai inci 29 suke hawa, domin ta fi haye dutse da rami cikin sauƙi. Amma mai inci 26 ita ce wadda tayarta da tiyub ɗinta suke kusan kowace rumfar mai faci. Saboda haka kafin a biya kuɗi a tambayi inda za a sami taya ranar da dutse ya yanke wannan. In akwai amsa, a ɗauki 29. In babu, 26 mai kyau ta isa shekarar farko. Taya ta zama mai gurza-gurza, faɗin inci 2.2 zuwa 2.4, kuma a hana mai faci cika ta tam kamar ta babur, gama taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa maimakon ta kama ƙasa.

Birki kuwa na faifai ya kamata, domin irin na da, mai matse bakin ƙafa, da ya haɗu da taɓon damina sai ya koma yana gogar banza. Birkin faifai iri biyu ne. Mai aiki da mai ya fi kamawa da yatsa ɗaya, amma yana buƙatar wanda ya san gyaransa, kuma na Shimano yana da nasa mai dabam, in aka zuba masa man birkin mota robobinsa za su kumbura su lalace. Mai waya bai kai shi ƙarfi ba, sai dai kowane mai gyaran keke zai iya da shi. Giya ba yawanta ake so ba, a duba dai ko mafi sauƙinta za ta hau da kai tudu kana zaune. Zakaru suna amfani da faranti ɗaya a gaba da haƙora jeri 12 a baya, amma kayan gyaran mai jeri 8 ko 9 sun fi araha, sun fi samuwa.

Kada kuma a ƙarar da kuɗi kaf a kan keke. A ware na hular kwano sabuwa, ba ta gwanjo ba, domin wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko da ba ta nuna ba. A ƙara da famfo ƙarami da tiyub na ajiya. Har ila yau a tuna kududdufan kuza suna da zurfi, bakinsu yakan zabtare bayan ruwan sama, kuma sun sha cin rayuka, saboda haka kada a shata hanyar atisaye dab da su, kada kuma a fita shi kaɗai. Hanyoyin da suka ratsa lambunan kabeji da dankali a gefen ruwan kuwa na masu gona ne, a yi sallama a nemi izini kafin a wuce.

In Allah ya kai mu mako mai zuwa, za mu duba yadda sabon shiga zai tsara atisayensa na wata uku na farko.