Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Darakta Janar na GBC, Gidan Rediyo da Talabijin na Ghana

Ranka ya daɗe,

Daga Tamale nake rubuto maka kan wani gurbi da ya buɗe a rediyo, wanda a ganina gidanku ne ya fi dacewa ya cike shi.

Ranar 14 ga Maris 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin rage hukumar da ke riƙe da Muryar Amurka. Washegari aka ce wa ma'aikata fiye da 1,000 su zauna gida. Sashen Hausa, wanda ke magana da mu tun 1979, ya yi tsit. A watan Afrilu wani alƙali a Washington ya ce a koma aiki, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, aka shiga ja-in-ja. Ko an dawo gobe, mai sauraro ya riga ya gane cewa sa hannun mutum ɗaya ya isa ya rufe wa sashen baki.

A Amurka wasu na kallon wannan a matsayin rikicin kasafin kuɗi. A Hausa Zongo da Sabonjida kuwa al'umma ce aka watsa. Kafin haka, ƙarfe biyar na asuba agogon Ghana, shida a Najeriya da Nijar, mai shayi kan jingina rediyonsa da gwangwanin madara, ya ja eriya, yana murɗa shi a hankali har shuuu ɗin ta lafa. Masu fitowa daga masallaci su tsaya. Da rana a kasuwar Aboabo a ɗora muhawara daga inda labarai suka tsaya. Akwai ƙungiyoyin masu sauraro, akwai dattawan da suka san juna da mutanen Maradi da Zariya ta hanyar gaishe-gaishen rediyo kawai, ba su taɓa haɗuwa ba, amma idan sunan ɗaya ya daina fitowa sai a tambayi lafiya. Waɗannan ba za su koma Facebook ba. Da yawansu ba su karanta boko, kunne ne jarinsu.

Sashen Hausa na BBC na nan tun 1957, na DW tun 1963, Allah ya saka musu. Sai dai su ma kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ƙari ga haka, labarin Ghana a wajensu ɗan tsakure ne. Ba za su zauna kan farashin masara a Savelugu ko ƙarancin ruwan famfo a Tamale ba.

Hausa ba baƙuwa ba ce a GBC. Tun zamanin Turawa take cikin harsunan gidan, waɗanda suka haɗa da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani. Na san wasu za su ce ba harshen asalin ƙasa ba ne, shi ya sa ma ba ya cikin waɗanda gwamnati ke koyarwa a makarantu. To, fataken goro sun yi ciniki da Hausa a Salaga tun kafin a raɗa wa ƙasar nan suna Ghana, kuma har yau da ita Bafrafre da Bazabarme ke daidaita farashi.

Ba na neman a taɓa lokacin Dagbani ko Gonja a tasharku ta Radio Savannah. Tamale ƙasar Dagbon ce, mu ma mun sani. Roƙona shi ne a ba Hausa rabin sa'a tsayayye kowace asuba, a daidai lokacin da kunnuwa suka saba, da labaran Arewa da filin wasiƙu da saƙonnin murya. A kira shugabannin ƙungiyoyin masu sauraro na zango-zango a zauna da su kafin a tsara shirin, don su suka san wanda ke saurare. Sannan duk tsofaffin kaset na shirye-shiryen Hausa da suka rage a ma'ajiyarku ta Accra, a kwafe su a kwamfuta kafin zafi da ƙura su gama da su.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani mai sauraro daga Sabonjida, Tamale